Jana'izar Ranar Alhamis

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da kicin ɗin cocinmu, kuma mai wankin tukwane ita ke jin abin da ba a faɗa a wa'azi. Sunana Opal Gentry. Gidana yana kallon gidan su Tackett, kwalta ce kawai tsakaninmu, a wani ɗan gari na jihar Jojiya da kowa ya san motar kowa. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa ya hana ni sakat.

Lonnie Tackett yana cikin rajista. A nan idan an ce haka an gama magana: sunansa da hotonsa da lambar gidansa suna cikin jerin da hukuma ke bazawa na mutanen da aka taɓa ɗaurewa kan laifin lalata. Ba zan wanke shi ba. Yana magidanci da hankalinsa ya cuci 'yar mutane, ya yi shekara goma sha biyu a gidan yari, ya fito da furfura, ba mata ba aiki. Mahaifiyarsa, Mis Verna, ita ta buɗe masa ƙofa. Da aka yi mata ca, cewa ta yi hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ci gaba da shanyar kayanta.

Cocinmu bai kore shi ba, mun fi ƙarfin wannan abin kunya. Takarda muka rubuta masa. Zai shigo ta ƙofar gefe bayan an fara waƙa, ya zauna a bencin ƙarshe, ya fita kafin a sallami jama'a. Ba ya shiga zauren cin abinci. Duk inda zai sa ƙafa a harabar, sai da ɗan rakiya, babban mutum ɗan ikilisiya wanda ya sa hannu a takardar. Daga Litinin zuwa Juma'a kuwa, da makarantar renon yara ke aiki a bayan cocin, ko mala'ika ne ya rako shi ba ya taka harabar. Wannan na ƙarshe kuwa sharaɗin hukuma ne, in ya karya ya koma inda ya fito. Ban ce kada a yi tsari ba, ni ma ina da jikoki. Amma a cikin mutum ɗari biyu da muke rera waƙar gafara kowace Lahadi, mutum ɗaya ce ta sa hannu, tsohuwa 'yar shekara tamanin da huɗu mai tafiya da sandar dogarawa.

Sai ka gan ta tsaye a ƙofar ban-ɗakin maza tana jiran ƙaton ɗanta. Wata Lahadi surukinta Hoyt Bramlett, wanda dattijon ikilisiya ne kuma shugaban kwamitin tsaro, ya zo wucewa.

"Mis Verna, yau ma gadi ake yi?"

"Gadi nake, Hoyt. Shiga in haɗa da kai, ai tun kana fitsarin kwance na san ka."

A gida kuwa rakiyar juyawa take. Lonnie ke dafa mata faten masara da man shanu da safe, shi ke yanke mata farce, shi ke taje mata gashi, shi ya san wace ƙwaya ce ke sa ta jiri. Sana'arsa gyaran injin yankan ciyawa. Mutane su ajiye inji a bakin shinge su danna hon, ba wanda ke shiga tsakar gidan. Yayarsa Glenda, matar Hoyt, takan leƙo ranar Lahadi da furanni, kuma ban taɓa ganin ta kashe motarta ba.

A watan Maris Mis Verna ta faɗi a kicin ta karye a ƙugu. Daga asibiti ba a dawo da ita gida ba, gidan Glenda aka wuce da ita. Ina share barandata na ga Glenda tana loda kayan tsohuwar a but ɗin motarta, Lonnie yana biye da ita da jakar magunguna a hannu.

"Yaya Glenda, gadonta yana nan. Na sa ƙarfen riƙewa a ban-ɗaki, na cire dardumar da ta kayar da ita."

"Likita ya ce mace take buƙata yanzu."

"Shekara nawa ina yi mata wanka?"

"To ai shi ya sa. Ka huta."

"Zan riƙa zuwa dai ko?"

Glenda ta rufe but ɗin. "Ka san jikokina a gidana suke wuni. Ba ni na rubuta dokar ba, Lonnie."

"Da yamma fa, in iyayensu sun kwashe su?"

"Za mu gani."

Ba su gani ba. In ya buga waya, Mama tana barci. In ya sake bugawa, ma'aikaciyar jinya tana ciki. Sai ya koma dafa faten nan yana rufewa a kwano, ya tsallako kwalta ya miƙo mini, tunda kullum ina zuwa duba ta. Glenda takan karɓa ta ce Allah ya saka. A kwana na biyar na buɗe firijin da ke garejinsu zan ajiye kek, na tarar da kwanonin Lonnie huɗu a jere, ko murfin ba a ɗaga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na koma gida ya tambaye ni ko ta ci, na ce ta ci.

Mis Verna tana ta ƙanƙancewa a gadon nan. Duk wanda ya shigo sai ta leƙa bayansa.

"Ina Lonnie?"

"Aiki ya yi masa yawa, Mama," in ji Glenda tana gyara mata filo. "Lokacin yankan ciyawa ne."

Da Glenda ta fita, tsohuwar ta kama wuyan hannuna. "Opal, ƙarya take yi, ni na haife ta. Ki sa masa hannu a takardar nan, kada ya rasa sujada. Ba shi da inda yake zuwa sai can."

Na ce zan yi addu'a a kai. A wajenmu idan mace ta ce za ta yi addu'a a kan abu, ta ƙi ne da ladabi, kuma Mis Verna ta san haka, don ta saki hannuna ta juya fuskarta bango.

Dalilina kuwa 'yata ce. Ta ce ranar da sunana ya hau takarda ɗaya da na mutumin nan, ranar na daina ganin jikokina. Kowa da irin nasa dalilin, kuma duk masu kyau ne. Fasto Culpepper ya haɗu da Lonnie a gidan mai, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, da ni kaɗai ne, ai da an wuce wurin. Amma ina kan mumbari, yaya zan sa maka ido? Ga kuma kamfanin inshora, ba su san gafara ba." Hoyt ya ce shi da yake shugaban kwamiti ba zai zama alƙali kuma shaida ba. Wani dattijo ya ce gwiwarsa, wani ya ce matarsa. Laifi tudu ne, kuma na Lonnie dogo ne har kowa na iya fakewa a bayansa.

Saboda haka Lahadi bakwai a jere ina fitowa da jakata in gan shi zaune cikin tsohuwar motarsa a tsakar gida, sanye da farar riga mai guga, ya jingina waya a sitiyari yana jiran a fara watsa sujada. Yakan ɗaga mini hannu. Ni ma in ɗaga, in yi sauri in shige mota. Ya rame, wandonsa ya koma yana tattarewa a bel. Injinan da ake ajiye masa suka ragu, don da ma rabin masu kawowa albarkacin tsohuwar suke kawowa. Akwai makon da na tabbata ba wanda ya yi magana da shi sai ni, ni ɗin ma kan kwano ne.

Muna da al'ada idan an yi rasuwa: mai gidan makoki ta kira mata uku, kowacce ta kira uku, kafin awa guda gari ya ji, tukwane sun hau wuta. Ranar wata Litinin ta watan Mayu, ƙarfe tara na safe, wayar ta iso kaina. Mis Verna ta cika da asuba. Na yi kukana, na sa mai a kasko na fara suyar kaza, don abin da hannu ya saba ke nan. Ina cikin juya cinya na hango Lonnie ta taga yana tsallako kwalta da kwano a rufe, yana tafiya a hankali kada ya zube. Na fito baranda na tare shi.

"Barka da asuba, Mis Opal. Yau na sa man da yawa, in ba ta ci ba ma ta ji ƙamshi." Ya shaƙi iska ya yi ɗan murmushi. "Kaza da sassafe haka? Wa aka rasa?"

Ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba. Ya dube ni, ya dubi kicin ɗina, ya gane.

"Da yaushe?"

"Da asuba."

"Ta sha wahala?"

"Sun ce cikin barci."

Ya ajiye kwanon a kan baranda kamar mai ajiye ƙwai, ya ce na gode, ya koma. Duk garin an kira, har matar da ke yi wa Glenda gashi, ba a kira ɗan da ta haifa ba.

A ranar na je ofishin coci na ce a ba ni takardar. Kunya ce ta kai ni, ba jarumta ba. Na sa hannu, na ce 'yata ta yi abin da za ta yi, ni zan rako Lonnie jana'izar uwarsa. Sakatariyar ta karɓa tana kallon tebur.

"Mis Opal, ba ki ji ba ne? Alhamis aka sa, ƙarfe goma na safe."

A cocinmu jana'izar tsofaffi ranar Asabar ake yi, saboda masu aiki da na nesa. Tun ina yarinya haka na tarar. Alhamis ƙarfe goma kuwa yara arba'in suna bayan cocin suna koyon ƙirga, kuma makabartarmu shinge ɗaya ya raba ta da filin wasansu. Sa hannuna ya zama ihu bayan hari.

Washegari na sami Glenda a kicin ɗinta, kwanonin abinci sun cika tebur har kan injin wanki, mata suna ta kai da kawo. Na ja ta gareji.

"Glenda, ki mayar da ita Asabar."

"'Yan'uwanmu na Alabama Alhamis ta fi musu."

"Duk sun yi ritaya, kowace rana Asabar ce a wajensu."

"An riga an kai wa mai bugawa takardar tsarin sujada."

"Takarda ce, a sake bugawa. To ki bari ya je gidan ajiye gawa ya gan ta kafin a rufe."

"Na ce musu kada a buɗe akwatin a can. Mama ba ta son a riƙa leƙa ta. A coci za a buɗe, awa ɗaya kafin sujada."

"Wato kin toshe kowace ƙofa."

Ta tsaya tana murza zoben hannunta. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Mis Opal, shekara ashirin da huɗu ba ni da suna a garin nan sai yayar wancan. An jefi motata da ƙwai. An daina gayyatar 'yata bikin ranar haihuwa tana 'yar shekara tara, me ta yi? Mama ta zaɓe shi, na yi shiru. Rana ɗaya nake so, ɗaya tak, da mutane za su kalli akwatin uwata ba bencin baya ba. Na yi yawa?"

Na tausaya mata, Allah ya sani. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma jifan ya sami Glenda ma. Amma na ce, "Shi ma uwa ɗaya gare shi."

"Da ya tuna da haka tun farko." Ta goge ido, ta koma wajen baƙinta.

Na je wajen Fasto. Ya ce iyali ke zaɓar rana, shi nasa wa'azi ne. Na ce a rufe makarantar na safiya ɗaya. Ya ce iyayen yara ma'aikata ne, ina za su kai su? Sai ya ƙara da cewa Lonnie yana cikin addu'arsa. Lonnie da kansa ya kira jami'in hukumar da ke sa masa ido, ya roƙi awa ɗaya. Jami'in ya yi masa ta'aziyya, ya ce ba shi da ikon canja ko waƙafi, amma in yara sun tashi da yamma zai iya zuwa ya ga kabarin da ɗan rakiya. Kabarin, ba fuskarta ba.

Ranar Alhamis na fito ƙarfe tara. Yana zaune a barandarsu cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, ya yi aski, takalmi yana ƙyalli.

"Lonnie, ina za ka?"

"Ba ko'ina. Daga nan ana jin ƙararrawa." Ya gyara wuyan riga. "Mis Opal, ki duba mini ko sun taje mata gashin ta hagu. In aka taje ta dama tabon ɗinki yana fitowa, ba ta son a gani. Kuma in da hali ki taho mini da takardar tsarin sujadar."

Coci ya cika. Gashin ta dama suka taje, tabon yana waje, kuma ban iya yin komai ba don Hoyt yana tsaye a kan akwatin kamar soja. Fasto ya yi wa'azi mai daɗi kan uwa mai aminci wadda ba ta taɓa rufe ƙofarta ga kowa ba, mutane suna amin. Na waiga bencin ƙarshe, an cika shi da furannin da suka rasa wuri. A bakin kabari muna jin yara suna dariya a bayan shinge, ba su san ma ana yi ba. Bayan an binne muka shiga zaure, aka ci kaza da wake da burodin masara, aka sha shayi mai ƙanƙara, aka yi ta yabon yadda komai ya tafi lami lafiya. Ni na wanke tukwanen.

Ina wankewa ina tambayar kaina wa muka kare yau. Yaran nan ranar Asabar suna gidajen iyayensu, ba abin da zai same su. Yarinyar da Lonnie ya cuta, wadda muke ɗaga sunanta duk sanda muke son rufe masa ƙofa, iyayenta sun bar garin tun a lokacin, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa ɗaga waya ya ji ko tana raye. Ba don ita muka yi ba. Hukuma ta ɗaure shi shekara goma sha biyu ta faɗi ranar fitarsa, mu namu ɗaurin ba shi da rana, kuma ba mu taɓa yarda muna ɗaure kowa ba. Glenda ta zaɓi Alhamis, amma mu ɗari biyu ne muka san abin da Alhamis take nufi, muka sa kayan kirki muka zo a kan lokaci.

Ƙarfe uku na dawo. Yana nan inda na bar shi, kwat ɗin bai cire ba duk da zafin rana. Na miƙa masa faranti a rufe da takardar. Farantin ya ajiye, takardar ya riƙe da hannu biyu. Hotonta ne a gaba, na lokacin da take da ƙarfi.

"Gashin fa?"

"Ta hagu," na ce. Ƙaryata ta biyu ke nan gare shi.

Ya buɗe ciki yana bin layi da yatsa, leɓensa yana motsi. Ya iso inda ake lissafa waɗanda mamaci ya bari. Na riga na karanta a coci, na san abin da ke wurin: ta bar 'ya ɗaya, Glenda, da suruki, da jika ɗaya, da tattaɓa-kunne uku. Ya karanta, ya juya bayan takardar ko an ci gaba a can. Ba komai sai sunan mai bugawa.

Na zaci zai yi fushi, har na so ya yi. Sai ya laluba aljihun kwat ya ciro biro, ya ɗora takardar a kan gwiwarsa, ya kai bakin biron ƙasan sunan yayarsa. Nan ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, dattijo ɗan shekara hamsin da takwas a barandar gidan da aka haife shi.

"Mis Opal, ba laifi in na rubuta?"

"Rubuta, Lonnie."

Ya rubuta sunansa da haruffa ƙanana ƙwarai, a can gefe, yadda ba zai ɓata musu layi ba.